Addu'ar Tela a kan Zomo

Tela ya san Ango zomo ne. Gara a faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauka ruɗewa ya yi irin ta mazan da ke jin sunan namiji a bakin matarsu su tayar da hankali. Ya san zomo ne fari mai jajayen idanu da lamba a kunne, yana zaune cikin keji a wani dogon gini bayan asibiti. Sanin hakan bai rage masa komai ba.

Matarsa ta daɗe tana aiki a ginin. Wurin bincike ne inda ake neman allurar rigakafin ƙanjamau, kuma kafin a kai ga mutum sai an gwada a jikin dabba. Aikinta shi ne wanke keji, zuba abinci, da riƙe zomo idan za a yi masa allura ko a ɗebi jininsa. Abokan aikinta Uwar Zomaye suke ce mata. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gabansa, gidan ya rage daga shi sai ita sai keken ɗinkinsa da ke ƙarƙashin rumfa a kusurwar tsakar gida, wurin da inuwa ta fi daɗewa.

Da can in ta dawo da la'asar labarin zomaye take yi a dunƙule, kamar mai labarin kasuwa. Tun da aka kawo sabon rukuni, labarin ya koma na guda ɗaya. Ko takalmi ba ta gama cirewa take farawa.

"Baban yara, yau Ango ya ƙi cin kabeji sai da na tsinka masa da hannuna."

"To. Ni ma tun safe ban sa komai a bakina ba."

"Kai ai kana da hannu."

"Wa ya sa masa Ango ne wai?"

"Ni mana. Ba ka ga farinsa ba ne, kamar wanda za a kai ɗaurin aure. Kai ma ranar namu ba ka yi haske haka ba."

Ya sunkuya ya ci gaba da taka keke, allura na bin gefen wandon wani.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar kunne. Ta ce daga kunne ake ɗibar jinin zomo, kuma jijiyar ba ta fitowa sai kunnen ya yi ɗumi. Sai ta sa shi tsakanin yatsunta ta riƙa murzawa a hankali tana yi masa 'yar waƙa a hanci, har jijiyar ta taso. Ta ce in ka ɗaga kunnen Ango wajen fitila, za ka ga hanyoyi ja-ja suna rarrabuwa kamar rafuka in ka hango su daga kan dutse. Tela mutum ne mai son irin wannan labarin. Da wani ne ya ba shi, da ya kwana yana juya shi a kai, yana tunanin ko wace ƙasa ce aka zana a kunnen zomo, da ko kowane zomo da tasa. Amma daga bakinta ya ji, kuma ya ga yadda yatsunta ke motsi a iska tana bayani. Ran nan da yamma ya ce kansa na ciwo. Ta ce akwai magani a kan taga, ya sha da ruwa.

Wata rana ta dawo ta tsaya a gaban rumfar tana auna wurin da ido.

"Me kike nema?"

"Ba komai. In ka matsar da keken nan can gefen randa, keji zai shiga nan daidai."

"Wane keji?"

"In an gama gwaji ana ba ma'aikata wasu zomayen. Na riga na faɗa wa likita ni Ango nake so. Ba ya son rana, ka san farar fata."

"Ni kuma fatar kada ce da ni."

"Kai ka saba. Haba Baban yara, ɗan zomo guda? Ko kuka ba ya yi."

"Shi ya sa ban yarda da shi ba. Abin da ba ya kuka ba ka sanin me ke cikinsa."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Har ta ƙara da roƙon ya ɗinka mata 'yar jaka mai laushi da za a riƙa sa Ango ciki lokacin ɗibar jini, kai da kunnuwa a waje, don tawul ɗin wurin aiki kaushi gare shi. Ta gwada masa tsawon da tafin hannunta, daga wuya zuwa bindi, ba ta ko yi shakka ba. Shi kuwa in za ta sayo masa hula sai ta tambaye shi girman kansa.

Ya ɗinka jakar. Tela ba ya ɓata ɗinki ko na maƙiyinsa ne. Washegari ta manta da ita a kan kujera, shi kuma ya ga dama ta samu. Ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya naɗe jakar a hammata, ya shiga mota zuwa bayan asibiti don ya ga abokin hamayyarsa ido da ido.

Ba a bari baƙo ya shiga ɗakin dabbobi. Wata likita, yarinya ce sa'ar autarsu, ita ce shugabar gwajin, ta karɓi jakar ta tsayar da shi a wani siririn lungu mai tagar gilashi. Wurin na warin maganin wanke ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ta gilashin ya hango keji jere bisa jere, ya hango matarsa cikin shuɗiyar riga da safar hannu da ƙyalle a baki. Da idanu kaɗai ya gane ta, kuma idanun suna murmushi. Tana rungume da farin abu a ƙirjinta. Zomon ya kwantar da kai a gwiwar hannunta, hancinsa na rawa, ya lumshe ido kamar mai gida.

"Shi ke nan?" in ji Tela. "Na ɗauka ya fi haka girma."

Likitar ta yi dariya. "Baba, shi ne ɗan gatan ɗakin nan."

"'Yata, cutar kuke sa musu? Matata take rungumar mai ƙanjamau?"

"A'a, Baba. Zomo ba ya ma kamuwa da ita. An ce mini kai tela ne, to bari in faɗa maka da yarenka. Rigar ƙwayar cutar muke ɗinkawa, riga kawai ba mai ita a ciki, mu sa a allura mu nuna wa jiki. Jiki yana da sojojinsa a cikin jini. In sun ga rigar sun haddace ta, duk ranar da mai rigar ta zo za su tare ta tun daga ƙofa."

"To ai da sauƙi."

"Da sauƙi da riga ɗaya gare ta. Wannan ba ta kwana da rigar da ta wuni da ita. Amma ka san ko an canza yadi akwai inda ɗinki ba ya canzawa. Sojan da zai gane wannan wurin muke nema, kuma da wuya jiki ya haife shi. Shi ya sa muke allura mu jira, mu ɗebi jini mu duba, mu sake."

Tela ya gyaɗa kai. Abin ya burge shi, har ya ga riguna marasa mutane suna yawo a cikin jijiya, sojoji na bin su suna leƙa hammata. Sai ya tuna abin da ya kawo shi.

"Da gaske in an gama kuna ba ma'aikata?"

"Waɗanda jininsu bai amsa ba, e, in an duba lafiyarsu. Wanda allura ta kama shi sosai kuwa ba ya fita daga nan. Muna bukatar jininsa duka, da saifarsa da ɓargonsa, don can ake haihuwar sojojin. Barci muke sa shi, ba ya jin komai."

"Ba ya farkawa ke nan."

"Ba ya farkawa."

"Ita ta san haka?"

"Kowa a nan ya sani, Baba."

Tela ya yi godiya. A hanyar komawa bai jira mota ba, da ƙafa ya taka, yana gaida mutanen da bai sani ba.

Da yamma ya bugi cikin matarsa. Ta ce e, haka tsarin yake, amma Ango malalaci ne, ko juyawa a keji sai ya yi shawara, jininsa ma haka zai yi lalaci. A gwajin farko bai nuna komai ba. Tana faɗa tana kallon rumfa.

Da safe ta fito za ta tafi aiki, ƙafa ɗaya cikin takalmi ɗaya a waje. Tela ya taso daga kan keke ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannuwa sama, abin da bai saba yi mata ba.

"Allah ya ba da sa'ar aiki. Allah ya sa a dace da maganin nan. Allah ya sa allurar nan ta kama Ango, ta kama shi kamun da ba ta yi wa kowane zomo ba."

Ta tsaya da takalmin a hannu.

"Ba ki ce amin ba."

Ƙanwarta ce wannan cuta ta ɗauke, shekaru da suka wuce, a ɗakin da yanzu suke ajiye tarkace. Ita ta yi jinyarta, ita ta riƙa juya ta a kan katifa lokacin da ta koma kamar tsinke, kuma bayan rasuwar ne ta nemi aiki a ginin nan. Macen da ta ga wannan ba ta iya jin an roƙi Allah maganin ƙanjamau ta yi shiru. Tela ya san haka sarai.

"Amin," ta ce, ƙasa-ƙasa. Ta sa takalmin ta fita.

Daga ranar ya mayar da abin wazifa. Kowace safiya yana bakin ƙofa, kowace safiya da sabon ado. Yau ya roƙa wa jinin Ango sojoji kamar tururuwa, gobe ya roƙa masa ɗaukaka a kan dukkan zomayen duniya. Yana ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, su ma su amsa ta kan katanga. Mai aski na bakin layi har ya riƙa ba da misali da shi.

"Ku dubi Tela. Tsufa ya zo masa da hankali. Wa ke raka matarsa ƙofa da addu'a a layin nan? Ni tawa in ta fita, roƙona kada ta dawo da wuri."

"Aikin alheri suke yi," in ji Tela, kansa a sunkuye ana gyara masa ƙeya. "Dole mu taya su."

Ita kuwa amin ɗinta bai taɓa makara ba bayan na farko. Tana faɗa tana kallon ƙasa, ta ja ƙofa. Amma labarin la'asar bai tsaya ba, sai ma ya ƙaru. Ango ya koyi tura kwanonsa da hanci in yana son ƙari. Ango ya ciji igiyar jakar. Ango yana gane takunta tun daga lungu, ya miƙe a kan ƙafafun baya. Tela yana taka keke yana ji, kowace kalma kamar an soka masa allura a ɗan yatsa, yana ce wa ransa saura kaɗan.

Bayan allura ta ƙarshe da ɗibar jinin da ya biyo ta, wata rana ta dawo tun rana na tsaka. Ta zauna a bakin randa ba ta cire takalmi ba.

"Ta kama," ta ce.

"Wa?"

"Ka san wa. Likita ta ce sun zuba jininsa a kan ƙwayoyin iri-iri, masu riga kala-kala, ya tare mafi yawansu. Ba su taɓa ganin haka a ɗakin nan ba. Suna can suna ta rungumar juna. Har lemo aka raba."

"Alhamdu lillahi," in ji Tela. Ya so muryarsa ta fito a natse, amma ta ɗan yi sama.

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Alhamdu lillahi," ta ce ita ma.

An ce mata ta huta ranar da za a sa Ango barci, wani ya riƙe shi. Ta ce wanda bai san takunsa ba ba zai riƙe shi ba. Ta tafi da sassafe. Tela ya fito bakin ƙofa bisa sabo, ya ɗaga hannu, sai ya rasa abin roƙa, ya mayar da hannun ya sosa gemu.

Da ta dawo idanunta sun kumbura. Ta ɗora tukunya, ta sauke, ta zuba masa, ta koma gefe ta zauna ba ta ci ba. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, ba sauti. Tela yana ci yana satar kallonta. Ya yi tsammanin ranar nan zai ji sanyi a ransa. Maimakon haka sai ya kama kansa yana auna kukan, tsawonsa da faɗinsa, kamar yadi.

"Maman yara."

Ya matso kusa da ita.

"Ni in na mutu haka za ki yi mini?"

Ta share fuska da gefen mayafi. "Kai me za a samu a jininka? Shayi da mita."

"Tambaya na yi."

"Ka ci abincinka. Rumfarka tana nan, ba mai taɓa maka."

Rumfar kuwa ta zauna. Keke bai matsa ko taƙi ɗaya ba. Da la'asar tana dawowa ta cire takalmi ta ce sannu da gida, ya ce sannu da aiki, ta shige ɗaki. Kwana da kwanaki haka. Ya tambaye ta ya aiki, ta ce lafiya. Ya ce ba wani labari? Ta ce babu. Da ƙarar keke ta tsaya sai ya ji motsin ƙadangare a kan kwanon rufi. Bai taɓa lura ba cewa tun da yara suka tafi, duk hirar gidan nan a bayan zomo take shigowa.

Ango kuma bai tafi ba, ko da ba a ambatonsa. Ranar da autarsu ta kira a waya, ya ji uwar tana faɗa mata a ɗaki cewa an ajiye ƙwayoyin ɓargonsa a cikin sanyin da ya fi ƙanƙara, in an ɗumama su sai su farka su ci gaba da haihuwar sojoji, kuma likita ta sa wa sojan sunansa. Tela ya tsaya da almakashi a buɗe. Da ya bar zomon ya shigo gida, da yanzu ya tsufa, ya ci mata tabarma, ya yi mata fitsari a takalmi, ta gaji da shi kamar yadda ake gajiya da kowa. Yanzu ga shi can cikin sanyi, fari fat, ba ya tsufa ba ya laifi, kuma da bakin Tela aka kai shi.

Ya yi ta juya abin har ya samo dabara. Wata safiya bayan ta fita ya sa rigarsa ta zuwa unguwa ya bi bayanta. A ƙofar ginin maigadi ya tare shi, wani dogo mai furfura a gemu da rediyo a aljihu. Tela ya ce a kira masa likita. Da ta fito ya naɗe hannun riga har gwiwa ya miƙa mata damtse.

"'Yata, na zo a gwada a kaina. Kun ce daga dabba sai mutum. Ga mutum."

Likitar ta rufe baki da hannu. "Baba, da sauran tafiya mai nisa kafin a kai ga mutane. Zomo ɗaya ne fa. Sai an sake, an gwada a wasu dabbobin, a ga ko abin zai maimaitu. Ko an kai ma, ba nan ake yi ba, kuma ba da masu shekarunka ake farawa ba."

"Jinina lafiyayye ne. Ko a ɗan ɗiba a duba. Ita ta riƙe ni, ai ta iya."

Maigadi ya juya baya yana tari. Likitar ta ce bari ta turo masa matarsa.

Matar ta fito da shuɗiyar rigarta, ta zare ƙyallen baki. Ta dubi damtsen da ke waje, fata ta yi laushi tana lilo.

"Sauke hannun rigarka, mutane na kallo."

"Na zo taimakawa ne."

"Ka riga ka taimaka. Addu'arka ta ci. Me kuma kake nema?"

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Ka ɗauka ban gane ba? Tun ranar farko na gane. Kowane amin da na ce, don ƙanwata na ce shi, kuma ko yau aka sake zan ce. Amma kai ba don ita ka roƙa ba." Ta gyara masa hannun rigar da kanta, da sauri, kamar mai naɗe tabarma. "An kawo sababbi jiya. Ba wanda zan sa wa suna, kuma ba wanda za ka sake jin labarinsa. Ka huta. Koma gida, akwai wandon mutane a kan keke."

Ya juya ya kama hanya. Da ya kai inda ake jiran mota ya waiwaya. Ba ta shiga ciki ba tukuna. Tana tsaye wajen maigadi, ta ɗaga hannuwa biyu saman kanta tana kwatanta wasu kunnuwa, ɗaya a miƙe ɗaya a karye. Maigadin ya kashe rediyonsa, ya karkato da kai yana saurare, yana dariya har gemunsa na rawa.

Mota ta zo ta tsaya, ta gaji ta wuce. Tela yana nan tsaye yana auna mutumin da ido, daga kafaɗa zuwa ƙafa.